Tabon Tukunya

Wata uku ke nan muna dafa shayi a banɗaki,
buta a kan kujera, kwanuka a cikin baho.
Kicin ɗin mahaifiyata an fige shi kamar kaza,
sai wayoyi ke lilo a bango,
sai iskar teku ke shigowa ta ramin famfo
tana gaishe ni da sanyin Aberdeen.

Alasdair ya jera samfura goma sha ɗaya a bakin taga,
ƙanana, kamar sabulun otal.
Da dare muke yi musu shari'a:
ɗigon kofi, ɗigon lemon tsami, ɗan kurkum,
mu kwanta, da safe mu ga wanda ya tona kansa.
Farin mabul ya fara faɗuwa.
Kyan ɗan maciji ne,
lemo ɗaya ya ci masa fuska har abada.

A babban shagon bayan gari
wata yarinya, Catriona, ta zana mana kicin a kwamfuta,
ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa,
har da kwanon tuffa da ba namu ba.
Fam dubu goma sha huɗu, ta ce,
amma in mun ba da kafin alƙalami kafin Lahadi
za a rage.
Na lura Lahadin nan tasu ba ta ƙarewa.

Na biyu ya zo da mota mai sheƙi,
ya shafa baƙin dutse kamar mai lallashin doki.
Na ce, daga wane tsauni?
Ya ce, daga ƙetare, ta jirgin ruwa.
Na leƙa waje na yi dariya:
garin da aka sassaƙa da dutse tun daga coci har gidan kifi,
ga shi muna sayen dutsen baƙi.

Akwai mai araha kuma, a waya kawai muka san shi.
Alasdair ya so shi.
Na ce araha ba ta ado,
ya ce tsada ma ba ta dafa abinci.
Muka kwana kowa da bangonsa.

Murdo Geddes bai zo da takarda mai hoto ba.
Fensir a kunne, tef a aljihu, tari a ƙirji.
Ya auna bango sau uku, ya ce gidan ya karkace,
duk gidajen layin nan haka suke,
wanda ya ce miki bango a miƙe yake bai taɓa shi ba.
Katako, in ji shi, yana son mai duk wata shida,
yana tsoron ruwa, yana riƙe tabo.
In kina son abin da ba ya tuna komai, sayi dutsen masana'anta.

Sai idonsa ya kai kan tsohuwar kantar
da na jingine a lungu na hana a zubar,
fomika mai ruwan ƙwai, gefe duk ya ɓamɓare,
da baƙin zobe a tsakiya
inda Mama ta dire tukunyar miya
ranar da aka bugo waya daga tashar jiragen ruwa
aka ce Baba bai dawo ba.
Shekara talatin da ɗaya tana goge wurin.
Bai fita ba. Ba na jin ta so ya fita.

Murdo bai tambaye ni komai ba.
Ya ɗora tef a kan zoben, ya rubuta lamba a tafin hannu.

Mun zaɓi katako.
Garantin shekara biyu kacal, da lambar wayar gidansa.
Ran Talata zai fara, in ƙafarsa ta yarda.
Kusa da murhu zai fafe gurbi, taki ɗaya da rabi,
ya dasa guntun fomikar nan a ciki.

Alasdair ya ce ba za su dace ba, ruwan ƙwai da ruwan zuma.
Gaskiyarsa.
Na riga na sayo man shafawa, gwangwani biyu.